Ranar da Munka Yi Shiru

Ni ba mai son shiru ba ce, kowa ya sani. A gidanmu na Isa in anka ji tsakar gida ta yi tsit, to ba ni nan. Shi ya sa ranar da anka tura mu bitar malamai a Sakkwato, wata malama ta tsaya gabanmu ta ce kowa ya rufe ido ya saurari numfashinsa, saura kaɗan dariya ta kuɓuce mini. Na ce a raina, haba baiwar Allah, tun daga Isa munka sha wagga hanya da ranmu a hannu don a koya mana numfashi? Amma na rufe idon, don kada a ce 'yar Gobir ta zo da taurin kai. Ina rufewa sai na tuna kakata, yadda takan zauna bisa buzu bayan ta gama lazimi, carbi ya tsaya cik a hannunta, ba ta motsi, ba ta barci. Muna yara mukan ce tsohuwa ta tafi yawo ta bar jikinta. Da malamar ta ce mu buɗe ido, sai na ji kafaɗuna sun sauko, ban ma san a ɗage suke ba.

Makarantar da nike koyarwa lokacin tana wani ƙauye ne a gefen hanyar Kamarawa. Kullum da safe ɗan kabu-kabu ke kai ni bisa mashin ɗinsa, da azahar ya maido ni, saboda haka ban san garin ba sai daga bakin makaranta. Ita ce ginin ƙarshe ta wajen daji, bayanta sai gonakin dawa. Aji shida anka ba ni, kuma wallahi ban taɓa ganin yara masu kunne a waje irin waɗannan ba. Tun da ɓarayin daji sunka fara shiga garuruwa bisa mashina, ƙarar mashin ta zama abin tsoro. Ina tsakiyar lissafi mashin zai wuce, sai in juyo daga allo in ga rabin aji a ƙarƙashin benci, wani ma ya riga ya kai ƙafa ɗaya bisa taga. In na yi tsawa su dawo, amma hankalin ya riga ya tafi.

A cikinsu akwai wata yarinya siririya da ke zama bakin taga. Ba ta sa silifanta a ƙafa, ba ta kuma ajiye su ƙasa. A hannun hagu take riƙe su tun daga safe har a tashi, ta yi rubutu da dama. Na taɓa yi mata faɗa na ce, ke, takalman nan gudu za su yi? Ta dube ni ta ce, «Malama, da su a ƙafa ba a sauri.» Daga baya na ji labarin. Damina biyu da sunka wuce anka ɗauki ubanta a gona, har yau ba labari. Uwarta ta koma wajen danginta a Tozai da ƙananan, anka bar ta ita da kakarta, tsohuwa makauniya.

Yarinyar nan ta fi kowa kai a ajin. Goggonta da ke aure a Isa ta ce in ta ci jarrabawar shiga sakandare za ta riƙe ta ta yi karatu a can. In ba ta ci ba, shi ke nan, karatu ya ƙare a aji shida. Abin da ke ci mini rai shi ne ta san amsa, amma ba ta taɓa kai takardar gwaji ƙarshe ba. Za ta yi rabin shafi tsaf, sai a ji wani motsi daga hanya, kanta ya juya taga, alƙalami ya tsaya. Na rantse a raina sai yarinyar nan ta zauna jarrabawa ta rubuta har layin ƙarshe.

Don ita na fara abin da munka riƙa kira zaman shiru. Da an kaɗa ƙarfen shiga aji, kowa ya zauna daidai, hannu bisa cinya, ido a rufe, minti biyar. Na ce musu, «Ku bi numfashinku yana shiga yana fita. Duk abin da kunka ji, ku ji shi, ku bar shi ya wuce. Kada wanda ya buɗe ido sai na ce.» Ranar farko wani ya saki tusa, aji ya watse da dariya. Rana ta biyu wani ya yi minshari. Ni kuwa ina tsaye da bulala ina koyar da natsuwa, ku ji mini shashanci. Sai da na jefar da bulalar na zauna tare da su sannan abin ya fara kamawa.

Yarinyar ta yi mako biyu tana rufe ido ɗaya. Wata safiya muna zaune mashin ya taso daga nesa, na ji benci ya fara motsi, sai na ji muryarta a hankali, idonta a rufe: «Na mai burodi ne.» Kuma shi ne. Aji ya koma ya lafa. Ashe in sun yi shiru suna iya rarrabewa, wanga guda ɗaya ne, wancan na mai kai mata kasuwar Bafarawa ne, ga wanda salansarsa ta fashe. A da duk ƙara ɗaya ce a kunnensu. Kwana kaɗan bayan haka na buɗe ido na ga silifan a ƙasa, gefe da gefe, hannayenta biyu bisa cinya. Ranar har ɗan kabu-kabu sai da ya tambaye ni mi anka ba ni nike ta murmushi.

Hedimastanmu, wanda shi ma ba ɗan garin ba ne, daga Sabon Birni yake zuwa, mutumin kirki ne, sai dai in ya ga abu ya yi daɗi sai ya ƙara masa gishiri. Ya leƙo ya ga aji shida zaune kamar an dasa su, ya ce ai wanga alheri bai kamata ya tsaya a aji ɗaya ba. Ranar Litinin makaranta duka za ta yi, tun daga 'yan aji ɗaya, kuma minti goma sha biyar. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, har kaina ya ɗan kumbura.

Litinin ɗin dawa ta yi tsawo ta fi mutum, rana ta fito fes, ba iska. Anka kaɗa ƙarfe, kowane malami ya shiga ajinsa, makarantar da kullum ke ruri da haddar lissafi da kukan 'yan aji ɗaya ta ɗauke wuta lokaci guda. Na zauna bisa kujerata na rufe ido. Karon farko ke nan da na ji garin sosai. Ana daka a gida uku, kowane turmi da muryarsa. Wani rediyo na magana can wajen masallaci. Wani jariri na kuka.

Sai turmi ɗaya ya tsaya. Can sai na biyu. Na ukun ya ƙara bugu biyu shi ma ya tsaya, a tsakiyar daka, ba irin tsayawar mai hutawa ba. Rediyon ya mutu a tsakiyar magana. Kukan jaririn ya yanke kamar an sa hannu an toshe bakin. Daga nan na ji karan dawa na ta ƙas-ƙas ta ko'ina, alhali ko ganyen bishiyar dogon yaron da ke bakin aji ban ji yana motsi ba. Bayan wannan ban ƙara jin komai ba, ko kaza. Kun san abin da na raya a raina? Na ce Allah sarki, har mutanen gari sun taya mu. Wauta dai ba ta da magani.

Ban san minti nawa sunka wuce ba sai na ji wani abu yana tahowa ta jikin bango. Ƙwas, sai jan ƙafa. Ƙwas, sai jan ƙafa. A hankali, ba gaggawa, yana tsayawa yana ci gaba. Na so in buɗe ido na kasa, kuma ba natsuwa ce ta hana ni ba, tsoro ne tsagwaronsa. Abin ya wuce tagar farko, ya wuce ta biyu, ya zo bakin ƙofa ya tsaya. Na ji warin hayaƙin itace, na ji numfashi mai kaushi. Sai sanda ta faɗi ƙasa.

Na buɗe ido kaɗan. Tsohuwa ce, ba ɗankwali, furfura a tsaye, babban yatsan ƙafarta na jini. Ta miƙa hannu biyu gaba tana lalube. Ta taɓa kan yaron farko, ta shafo fuskarsa, ta sa yatsa ƙarƙashin hancinsa, ta ɗan jira, ta wuce na gaba. Yaran kuwa, da yake na ce kada wanda ya buɗe ido sai na ce, ba wanda ya motsa. Ina ganin jikin wasu na rawa, hawaye na fita ta ƙarƙashin ido a rufe, hannu mai sanyi na bin fuskokinsu, ba su san ko na wane ne ba. Ni da ya kamata in yi magana, sai na zauna ina kallo.

Haka ta bi layi har ta kai bakin taga. Ta shafa kitson yarinyar ta tsaya. Ta sauko ta kama hannunta na hagu, ta buɗe shi, ta shafa tafin, ta sake shafawa. Ba silifa. Sai ta yi wani ɗan sauti a maƙogwaro wanda har yau ba na son tunawa, ta rungume kan yarinyar ta rufe ta da jikinta, ta juyo da fararen idanunta daidai inda nike zaune.

Ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, «Bawan Allah, na san kana nan, ina jin numfashinka. Kun tafi da ubanta. Wagga ku bar mini ita. In dole sai kun tafi da wani, ga ni, ba ni da nauyi.»

Innalillahi. Da ƙyar na ce, «Inna, ni ce. Malama ce. Ba kowa.»

Ta ce, «To mi kunka yi musu sunka yi shiru?»

Na ce yara su buɗe ido, aji ya ɓarke da kuka, yarinyar na ta faɗin «Kaka, Kaka, lafiya lau muke.»

Da munka fito ni da hedimasta munka shiga gari, ba kowa. Ƙofofi a buɗe. Tukunya na tafasa tana zuba cikin wuta, akuya ta sa kai cikin turmi tana cin gero, taɓarya a yashe. A bakin rijiya guga na lilo, igiyar ba ta gama tsayawa ba. Gari guda, da safiyar Allah, ba mutum ko ɗaya sai makauniyar da ta nufo inda kowa ya guje wa. Hedimasta ya tsaya bakin gona yana kira, yana rantsuwa lafiya ce, ba wanda ya amsa, don sun ɗauka bindiga ce a bayansa. Sai da munka jera yara a fili munka ce su ɗaga murya su yi haddar lissafi. Suna «biyu sau biyu huɗu» da muryar kuka, sai ga kawuna na fitowa daga cikin dawa ɗaya bayan ɗaya, mata da goyo, tsofaffi da ƙaiƙayi a ka. Wani har ya kusa kai Kamarawa da gudu.

Mai gari ne ya yi mana bayani, ransa a ɓace. Ya ce makaranta ce ta fi kusa da daji, duk mai shigowa ta nan zai fara. Muddin ana jin hayaniyar yara, mata na daka, maza na gona. In ta ɗauke lokaci guda, ba ihu, ba tambaya, kowa ya ɗauki na ɗauka ya shiga dawa. Na ce, to don mi ba a taɓa faɗa mana ba? Ya ce, «Malama, wa zai faɗa? Ba wanda ya zauna ya tsara shi. Haka kawai munka samu kanmu.» Da ajina kaɗai ke yi, hayaniyar sauran ta rufe mu, shi ya sa ba a lura ba.

Hedimasta ya soke zaman shiru nan take, har yana cewa dama shi tun farko bai natsu da abin ba. Na ce masa, Malam, ka ji tsoron Allah, minti goma sha biyar ɗin daga bakin wa ya fito? Amma wannan duk bai dame ni ba kamar bencin bakin taga. Ranar Talata yarinyar ba ta zo ba, Laraba ba ta zo ba, har mako ya ƙare.

Ranar Juma'a bayan an tashi na ce ɗan kabu-kabu ya jira ni, na tafi gidan kakarta. Ashe bayan ajin 'yan aji ɗaya yake, danga kawai ta raba. Na tarar da tsohuwar zaune bisa tabarma a jikin dangar, an ɗaure mata yatsa da tsumma. Nan take wuni kullum, kunnenta a makaranta. Na gaishe ta, ta amsa a daƙile, tun ban faɗi abin da ya kawo ni ba ta ce, «Ba ta komawa.»

Na yi lallashi, na kawo zancen jarrabawa, na kawo zancen goggonta, ko gezau. Sai halin nawa ya motsa. Na ce, «Inna, ki yi haƙuri da abin da za ni faɗa, amma tsoronki zai cinye wa yarinyar nan karatu.»

Ta juyo da fuskarta gare ni. Sannan ta ce, «Ɗiyata, ke kina da ido. Ni da kunne nike ganinta. Cikin yara duka in suna hadda ina fidda muryarta. Da sharaɗin haka na bar ta ta shiga. Ranar da anka ɗauki ubanta, haka gona ta yi tsit. Sai ke ki zo daga Isa ki koya musu tsit.»

Wallahi ban taɓa jin na ƙanƙance irin na ranar ba. Ina neman abin faɗa sai yarinyar ta yi magana daga bakin ɗaki, silifa a hannu. Ta ce, «Kaka, cikin shirun nan ne kaɗai nike daina jiran su.»

Tsohuwar ta juya. «Mi kike ji a ciki?»

«Komai. Dakan gidan liman. Mashin ɗin mai burodi. Tarinki.»

«Tarina?»

«Kullum. In na ji shi sai in san kina nan.»

Tsohuwar ta ja tsumman yatsanta tana gyarawa. Na yi sallama na fita da fushi, kuma ban san da wa nike fushin ba.

Litinin an kaɗa ƙarfe ina share allo, sai na ji ƙwas, sai jan ƙafa. Gabana ya faɗi, ko da na san ko wace ce. Ga ta nan, yarinyar na riƙe da hannunta. Ta lalubi bakin ƙofar ajin ta zauna a ƙasa, ta ce, «Malama, ku rufe naku, nawa a rufe suke tun tuni. Ni za ni yi muku sauraro. In na ji abin da ba daidai ba za ni faɗa tun bai ƙetaro fadama ba.» Ta ɗaga sandarta ta bugi ƙyauren ƙarfen, ƙwam. Ta jira kamar tsawon numfashi ɗaya, ta sake bugawa. Ta riga ta aika gida-gida cewa muddin ana jin sandarta, a ci gaba da daka. Hedimasta ya leƙo zai yi magana, ya ga ko wace ce, ya koma ofishinsa.

Haka munka ci gaba har ƙarshen shekara, a hankali sauran azuzuwa sunka shigo, minti biyar ba ƙari. Yaran sunka ɗora numfashinsu bisa bugun sandar, ƙwam a ja, ƙwam a saki. Ban ce tsoro ya tafi ba, ina zai je? Sau biyu anka rufe makarantar na kwanaki saboda labarin da ke zuwa daga daji. Amma yara sun fara kai shafi ƙarshe, kuma na daina juyowa daga allo in ga aji a ƙarƙashin benci.

A Isa anka yi jarrabawar. Na tsaya waje ƙarƙashin bishiya, mashina na ta wucewa a titi ba iyaka, kowane ya wuce sai in dubi tagar ajin da take ciki. Da anka tashi ta fito tana tsalle a ƙasa mai zafi, ƙafa ba takalmi, hannu ba komai. Na ce, ke, ina silifanki? Ta dubi hannunta, ta dafe baki. Ta mance su ƙarƙashin benci. Na zauna nan gindin bishiyar ina dariya ina share hawaye, mutane na kallona.

Ta ci. Ranar da za ta tafi wajen goggonta munka taru bakin makaranta da safe, anka ɗaure ƙullin kayanta a bayan kabu-kabu. Tsohuwar ta shafa fuskarta tun daga goshi har haɓa, sau biyu, ta ce ta tafi Allah ya tsare. Mashin ya tashi. Mu mun daina jin sa tun da daɗewa, ita tana tsaye da kai a karkace. Can ta ce, «Sun hau babbar hanya.» Sai a lokacin na gane abin da na yi shekara guda ina faɗa a kansa. Muryar nan ɗaya da take fiddawa cikin hadda, ni ce na yi tsaye sai da anka ɗauke mata ita, kuma da sandarta ta taya ni. Raina ya yi baƙi ƙirin, na kasa dubanta, ko da yake ba ta gani.

Washegari na shiga aji da sababbin 'yan aji shida, an kaɗa ƙarfe, sai na ji ta jikin bango. Ƙwas, sai jan ƙafa. Ita kaɗai, ba mai ja mata hannu. Ta lalubi bakin ƙofa ta zauna inda ta saba, ta gyara sandarta.

Na durƙusa kusa da ita na ce, «Inna, ai ba ta nan.»

Ta ce, «Na sani. Rufe idonki.»